Muhawara: Shin dalmar tsofaffin batura za ta iya zama garkuwar ɗakin ɗaukar hoton eksire?

Mai Asibiti: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin asibiti a wani gari da marasa lafiya ke yin tafiyar fiye da awa ɗaya kafin su sami inda za a ɗauke su hoton ƙirji ko na karaya, shi ya sa na yi niyyar sayen na'urar eksire. Wanda zai sayar mini da ita ya ce dole a lulluɓe bangon ɗakin da dalma mai kaurin milimita 2, kuma da na ji farashin falankin dalmar da ake shigowa da shi daga waje sai na ga ya kusa kamo kuɗin na'urar kanta. Wani ya ba ni shawarar in sayi tsofaffin baturan mota a wurin 'yan gwangwan, a narka dalmar cikinsu a zuba ta fale-fale a manna a bango. Ina neman shawarar masana: shin wannan zai yi, kuma a ina ne kuma ake samun dalma a cikin kayan da muke amfani da su yau da kullum?

Dillalin Ƙarafa: Wa alaikumus salam, Likita. Dalma ba ta da wuyar samu ga wanda ya san inda take. Mafi yawanta a batir take, na mota da na inbata da na sola, kuma fiye da rabin nauyin kowane batir dalma ce. Bayan wannan akwai 'yan ƙananan dalmomin da masu gyaran taya ke maƙalawa a bakin rim don daidaita ta, akwai wadda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse, akwai ɓawon tsofaffin wayoyin tarho da na lantarki da aka binne a ƙasa tun zamanin Turawa, akwai kuma dalmar liƙi ta masu gyaran rediyo, ko da yake ita gauraye take da kuza. Narka ta ba aiki ba ne, domin garwashin gawayi ma yana narka ta. A ganina shawarar da aka ba ka ba ta da laifi, kuma ka fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniyan Gini: Kafin a yi nisa, bari mu yi lissafi, domin shi ne zai nuna girman abin da ake magana a kai. Dalma tana da nauyin giram 11.3 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, wato falanki mai kaurin milimita 2 yana da nauyin kusan kilo 23 a kowace murabba'in mita. Idan ɗakin Likita mita 5 ne da mita 4, kewayensa mita 18 ke nan, kuma idan za a lulluɓe shi zuwa tsawon mita 2.1 daga ƙasa kamar yadda aka saba, za a buƙaci murabba'in mita kusan 38, wanda ya kama dalma sama da kilo 850. Batir ɗaya na ƙaramar mota ba zai ba ka fiye da kilo tara ko goma ba, kuma ba dukkanta ce ƙarfe ba, wani kaso gari ne da aka shafe a jikin faranti. Saboda haka, Alhaji, kana maganar fasa batir ɗari ko fiye, da zubar da ruwan batir na batir ɗari, da hayaƙin narka su. A wane fili za a yi wannan aiki, kuma 'ya'yan wa ke wasa a kusa da filin?

Ɗan Anka: Tambayar Injiniya ta ƙarshe ita ta sa na kasa yin shiru. Ni daga ƙaramar hukumar Anka nake a jihar Zamfara, kuma ina gida a shekarar 2010 lokacin da yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega, da 'Yar Galma a Bukkuyum. Da farko mutane sun ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wasu kuma suka ce iska ce, har sai da Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta sa aka gwada jinin yaran aka gano gubar dalma ce. Abin da ya faru shi ne, duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida a daka a niƙa, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha magani, kuma sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka zuba sabuwa. Aikin Bagega bai samu ba sai a 2013. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

A cikin danginmu akwai yaron da ya rayu, amma har yau karatu ba ya zama a kansa, kuma mun san yadda yake kafin ciwon. Likita, ranka ya daɗe, ba na son in ga an narka kilo ɗari takwas na dalma a bayan asibitin da mata ke kawo jarirai rigakafi.

Dillalin Ƙarafa: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Amma Malam, na Zamfara dutse ne aka niƙa ya zama ƙura, wannan kuwa ƙarfe ne za a narka a zuba. Mun shekara muna hulɗa da batura, yaranmu na fasa su kullum, kuma idan sun gama suna shan madara, ban ga wanda ya faɗi ba.

Malamar Fiziks: Alhaji, da girmamawa, madara ba ta fitar da dalma daga jini, kuma rashin faɗuwa ba shaidar lafiya ba ce, domin a jikin babba dalma tana taruwa ne a ƙashi a hankali, ta bayyana daga baya a matsayin hawan jini ko ciwon ƙoda ko ƙarancin jini ko yawan ciwon ciki da ba a san dalilinsa ba. Batun cewa batir ya bambanta da dutsen Zamfara kuwa, abin da ya faru a unguwar Caroy ta bakin teku a wajen birnin Dakar na Senegal ya isa amsa: tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu a can, kuma sana'ar unguwar ita ce fasa tsofaffin batura da tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma. Garin da ke jikin farantin batir yana bushewa ya zama ƙura, narkakkiyar dalma kuma tana sakin hayaƙi mai ɗauke da ita, duk su sauka a ƙasa da tufafi a kai su gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka sani ba ya cutarwa.

Amma ko da mun ajiye batun guba gefe, ina so Likita ya gane cewa falankin da aka zuba a gida ba garkuwa ba ne da za a dogara da ita. Abin da ya sa dalma ta yi fice shi ne nauyinta da kuma girman ƙwayar zarrarta, wadda lambarta 82, don haka tana shanye hasken eksire a ɗan siririn kauri. A ƙarfin na'ura na kilobolt 100, dalma mai kaurin kusan rubu'in milimita tana rage hasken da rabi, wata rubu'in ta sake rage abin da ya saura da rabi, ta yadda milimita 2 ke barin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. To, ka ga ke nan kuskuren rabin milimita a kauri yana iya ninka abin da ke tsallakewa har sau uku ko huɗu. Falankin masana'anta murza shi ake yi da inji har kaurinsa ya daidaita ko'ina. Wanda aka zuba da hannu kuwa yana fitowa da kauri a nan da siranta a can, da ramukan iska da datti a ciki waɗanda ido ba ya gani, kuma dalmar batir gauraye take da wasu ƙarafa da ke sa ta tauri ta riƙa tsagewa idan an lanƙwasa. Hasken ba ya da wari ba ya da launi, don haka ma'aikaciyar da ke zaune a ɗakin kati a bayan bangon ba za ta san akwai rami ba.

Mai Asibiti: Hajiya, na gamsu cewa narka batir ba hanya ba ce, kuma labarin ɗan'uwanmu na Anka ya ratsa ni. Sai dai matsalata tana nan inda take, domin kuɗin falankin waje ba ni da shi. Wani ya ambata mini gilashin tsofaffin talabijin masu ƙusumbi, ya ce akwai dalma a cikinsa. Shi fa?

Mai Ɗaukar Hoto: Likita, gaskiya ne akwai dalma a gilashin waɗannan talabijin, musamman ɓangaren baya mai kama da mazurari, kuma an sa ta ne tun farko don tare ɗan hasken eksire da kwalbar ke fitarwa. Amma gilashi ne mai lanƙwasa da ba a san adadin dalmarsa ba, ba za ka yi tagar leƙe da shi ba. Ni fiye da shekara goma ina aikin ɗaukar hoto, kuma abin da nake so ka ji shi ne wanda ya ce maka dole sai dalma bai gaya maka magana cikakkiya ba. Abin da ƙa'ida ke nema shi ne kariyar da ta yi daidai da kaurin dalma kaza, ba lallai dalmar kanta ba. Ɗakuna da yawa da na yi aiki a cikinsu babu dalma a bangonsu ko kaɗan, kankare ne zalla, dalmar tana jikin ƙofa ne kawai da tagar da muke leƙen mara lafiya.

Injiniyan Gini: Nan ne nake so mu iso. Kankare mai kyau nauyinsa kusan giram 2.35 ne a inda dalma ke da 11.3, don haka yana buƙatar kauri, amma kauri a gini abu ne mai araha. A ƙarfin na'urar ɗaukar hoto ta yau da kullum, kankare zalla mai kaurin santimita 15 yana yin aikin da ya kusa na dalma milimita 2, kuma idan ka kai shi santimita 20 ka sami rara. Tarkon da mutanenmu ke faɗawa shi ne bulo. Bulon inci tara da ake bugawa a bakin titi faɗinsa ya kai santimita 22, amma cikinsa rami ne, namansa na gaba da na baya idan ka haɗa ba su wuce 'yan santimita ba, sannan yashi ya fi siminti yawa a cikinsa. Mai gini zai ce maka bango inci tara ne, ka ɗauka ka sami kariya, alhali rabinsa iska ce. Mafita ita ce ko dai a kafa katako a zuba kankare gaba ɗaya kamar yadda ake zuba ginshiƙi, a bi shi da injin girgiza don kada ya bar ramuka, ko kuma a cika ramukan bulon da kankare layi bayan layi, kai kana tsaye a kan birkila, domin idan ka juya baya ɓaraguzai da takardar siminti za a cusa a ciki. A kuma cika tsakanin bulo da bulo da kwaɓi sosai.

Idan ɗakin ginanne ne ba ka son rushewa, akwai dutsen barayit, wanda muke da shi a ƙasar nan. Ana haƙo shi a Azara ta jihar Nasarawa da wasu wurare a Binuwai da Taraba da Kuros Riba, kuma masu haƙar man fetur ne manyan masu sayensa. Nauyinsa ya kai kusan 4.5, ga sinadarin bariyom a cikinsa, irin wanda ake ba mara lafiya ya sha kafin hoton hanji saboda yana tare hasken. Ana niƙa shi a kwaɓa da siminti a yi filasta da shi, ko a sa shi a madadin yashi da tsakuwa a sami kankare mai nauyi fiye da 3. Sai dai a sayi wanda aka gwada nauyinsa, domin akwai mai gauraye da farin dutse, kuma a tabbatar harsashin ginin zai ɗauka.

Dillalin Ƙarafa: To, idan nauyi ne abin nema, me zai hana a yi amfani da farantin ƙarfe? Wannan muna da shi, kuma babu maganar guba. Sannan akwai abin da nake so in tambaya. Wani lokaci a cikin kayan da ake kawo mana daga kamfanoni akan sami tukwane ƙanana masu nauyin tsiya, dalma ce zalla an riga an zuba ta da kauri. Irin waɗannan ba za su yi wa Likita amfani ba?

Malamar Fiziks: Ƙarfe yana tarewa, Alhaji, nauyinsa 7.85 ne, amma a ƙarfin eksire na asibiti kana buƙatar kaurinsa ya ninka na dalma sau da yawa, har ƙofar ta fi ƙarfin maratayinta. Amma tambayarka ta biyu ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da kyau ka kuma gaya wa yaran shagonka. Ba a zuba dalma mai kauri a yi tukunya da ita sai don a ɓoye wani abu a ciki, kuma abin da ake ɓoyewa a irin wannan tukunya sau da yawa sinadari ne mai fitar da haske mai ratsa jiki dare da rana, irin su siziyom 137 da kobal 60 da iridiyom 192, waɗanda ake amfani da su a maganin ciwon daji da gwajin walda a bututun mai da auna rijiyoyin mai. Na'urar Likita idan an kashe wuta shi ke nan, babu abin da ke saura a ɗakin ko a bango. Waɗannan kuwa ba su da makunni.

A watan Satumba na 1987 a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka shiga wani asibitin ciwon daji da aka ƙaurace wa, suka ciro kan na'urar don su sayar da ƙarfensa da dalmarsa. Aka fasa shi, aka sayar wa mai shagon gwangwan, ya ga wani gari mai walƙiya shuɗi a cikin duhu, ya kai gida ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai don sha'awa. Mutum huɗu suka rasu, har da matarsa da wata yarinya 'yar shekara shida, aka sami mutum 249 da sinadarin ya taɓa, aka gwada mutum kusan 112,000, aka kuma rushe gidaje. Irin haka ya faru a Samut Prakan ta ƙasar Tailan a 2000, inda mutum uku suka rasu, da kasuwar gwangwan ta Mayapuri a birnin Delhi a 2010. A dukkansu mutanen da suka fara cutuwa 'yan sana'arka ne. Idan ka ga tukunya ko silinda mai nauyin da ya wuce girmanta, musamman mai alamar fuka-fukai uku kamar na fanka a kan rawaya, kada a fasa, kada a ɗauka, a ja baya a sanar da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya da ke Abuja. Kuma ka ga bambancin ƙarfi: rubu'in milimita na dalma ke raba hasken eksire biyu, amma na kobal 60 sai fiye da santimita ɗaya, shi ya sa bangon ɗakin gashin ciwon daji ke kai wa mita biyu na kankare.

Dillalin Ƙarafa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi Hajiya ban taɓa jin wannan ba, kuma mu a wurinmu abu mai nauyi riba ce, guduma ake sa masa nan take. Zan tara yaran gobe da safe in nuna musu alamar. Amma ina nan a kan bakata cewa dalmar batir ba asara ba ce, tana da kasuwa.

Ɗan Anka: Tana da kasuwa, Alhaji, kuma falankin da Likita zai saya ma wataƙila daga tsohon batir aka samo dalmarsa. Bambancin shi ne a inda aka narka ta, da ko akwai matatar hayaƙi, da ko an tace ƙarfen. Ko manyan masana'antun ma idan babu sa ido ɓarna suke yi, kamar yadda mazauna Ogijo a jihar Ogun suka daɗe suna kuka. Tun da ana lissafa inda dalma take a gidajenmu, a ƙara da kwalli, domin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a sa wa jarirai a ido, asalinsa dutsen dalma ne, da kuma wasu fentin mai masu launin rawaya da ja. Bakin fensir kuwa da yara ke taunawa babu dalma a cikinsa.

Mai Ɗaukar Hoto: Bari in dawo da mu ɗakin Likita. Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, a zana taswirar ɗakin a kai wa masanin fiziks na asibiti ya yi lissafi, domin ba kowane bango ne ke buƙatar kauri ɗaya ba. Bangon da ake jingina allon hoton ƙirji shi ne hasken ke duka kai tsaye, shi ya fi buƙata. Sauran bangayen kuwa abin da ya tarwatso daga jikin mara lafiya ne ke isa gare su, kuma ya fi rauni sosai. Ana duba yawan hotunan da za a ɗauka a mako, da wanda ke zaune a bayan kowane bango da tsawon zamansa, domin bangon da ke kallon fili ba ɗaya yake da wanda ke kallon ɗakin haihuwa ba. Nisa ma garkuwa ce ta kyauta: idan ka ninka tazara sau biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ɗaki mai faɗi a ƙarshen gini ya fi ƙuntataccen ɗaki a tsakiya sauƙin karewa. Iyakar da aka sa wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), ta sauran jama'a kuwa 1, kuma a kan wannan ake gina lissafin. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da masana wannan fanni, haka ma sassan hoto na manyan asibitocin koyarwa, kuma ko ba komai sai hukumar da Hajiya ta ambata ta ba ka lasisi kafin ka kunna na'urar.

Dalmar da ba makawa sai ka saya ita ce ta ƙofa da ta firam ɗinta, ta ƙofar kaɗai idan faɗinta mita 1.2 ne ba za ta kai kilo 60 ba, sai gilashin tagar leƙe mai rubutun kaurin dalmarsa a jiki, da rigunan dalma biyu ko uku masu kaurin milimita 0.35 ko 0.5. A tabbatar falankin ƙofa ya hau kan na firam, an kuma rufe kan kowace ƙusa da bayan kowane soket, domin ta nan ake samun yoyo. Rigunan kuma rataye su ake yi, ba a ninke su, saboda suna tsagewa ta ciki.

Mai Asibiti: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa maganar batura gaba ɗaya. Akwai fili a ƙarshen ginin ta gefen katanga inda ba kowa ke zama ba, can zan fitar da sabon ɗaki a zuba kankare, in sayi dalmar ƙofa da gilashi kawai, bayan an yi mini lissafin. Abu ɗaya ya rage mini, Injiniya: rufin kwano da silin zan yi, domin babu bene a sama. Shin sai na zuba dekin?

Injiniyan Gini: Idan babu kowa a sama kuma babu dogon bene a maƙwabta da tagoginsa ke kallon rufinka, yawanci ba a buƙatar dekin, amma ka nuna wa mai lissafin hoton gine-ginen da ke kewaye ya yanke hukunci. Kuma idan kana da niyyar ɗora bene nan gaba, ka gaya masa tun yanzu, domin harsashin da ginshiƙan za su canza. Ramin na'urar sanyaya ɗaki da na wayoyi a fitar da su sama da mita 2.1, kuma ranar zuba kankaren ka sa a ɗebi samfur a ƙananan akwatuna a auna nauyinsa bayan ya bushe, ka ajiye takardar a fayil, domin masu duba ɗakin za su iya tambayarta.